Zan je Gwanzu saro kayan sola: in biya kuɗin koyon Sinanci ko in ɗauki tafinta?

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kayan sola a nan Gombe, batura da inbata da fanel, kuma tun da na buɗe a hannun dillalan Kano da Legas nake saye. Bana na ɗan tara abin da zan je birnin Gwanzu na Chaina da ƙafata a watan Oktoba, lokacin baje kolin Canton Fair. Damuwata yare. Turancina na sakandare ne, Sinanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Akwai malamin da ke koyarwa ta waya, ya ce naira dubu 90 a wata, ga shi saura wata biyu tafiyar. In biya in fara, in ƙarasa koyon a can cikin kasuwa, ko in adana kuɗin in ɗauki tafinta? Daga bakin waɗanda suka je nake son ji.

Direban Tashar Dukku: Wa alaikumus salam. Yare a hanya ake koyonsa ɗan'uwa. Ni da nake shiga Garwa da Marwa ba wanda ya zaunar da ni a aji, a bakin jandarmomi na tsinci Faransancina. In ya ƙare mini sai in juya Fulatanci, kasuwar Garwa kaf da shi ake ciniki.

Adda Mai Atamfa: Me ya kai ka Chaina ƙanena? Ka je Dubai mana, can har Hausa za ka ji a Dera.

Alhajin Herwagana: Yaro, zauna ka ji. Duk abin da za ka yi, kada ka miƙa wuyanka ga tafinta. Ni ma batura suka kai ni. Wani ɗan gida ne ya haɗa ni da shi, Bahaushe ɗan'uwanmu, ya daɗe a can. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, ya kama mini masauki a Siyawbe inda baƙaƙen fata suka fi yawa, ya kai ni inda ake tuwon shinkafa, ranar Juma'a muka tafi masallaci tare. To wa zai zargi irin wannan? Muka je wurin masu batir, na nuna wanda nake so, mai amfiya 200. Na ɗaga samfurin da hannuna, da ƙyar ya bar ƙasa. Suka shiga yare shi da matar da ke shagon, suna yi suna dariya, ni ma ina murmushi don ban san me ake cewa ba. Ya juyo ya faɗa mini farashi, na ce a rage, suka sake komawa yare, ya ce ta rage kaɗan saboda ni baƙo ne. Aka kawo takarda duk da rubutunsu, na sa hannu. Da kaya suka iso Gombe, yaron shagona shi kaɗai yake sauke batir daga mota. Nan gabana ya faɗi. Batir na gaske mai amfiya 200 yana kusan kilo 60, waɗannan da na ɗora a sikeli ko 45 ba su kai ba. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, cikin ne daban. Kafin damina ta fita mutane sun fara dawo mini da su, har da wani masallaci a Kumo da na saka musu da kaina. Kuɗin ban damu da su kamar sunana ba, shekaru ina gina shi a kasuwa. Na kira tafintan, ya ce abin da na sa wa hannu shi aka loda. Daga baya wani ya karanta mini takardar, ashe ƙaramin aji aka rubuta, kuma an ware masa kasonsa a kan kowane batir. Na bar shi da Allah.

Maman Biyu: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Naka shi ke ba da kai wallahi.

Injiniyan Yalwa: Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. Amma da girmanka, ko Sinanci kake ji kamar ruwa, in ba a auna kaya a gabanka ranar lodi ba haka za ta faru. Sikeli ake bi, ba baki ba.

Alhajin Herwagana: Da ina jin abin da suke faɗa a gabana, da ba a kai ga lodin ba.

Ɗalibin Wuhan: Yaya Ɗan Jekadafari, bari in koma kan tambayarka. Karatu na yi a can. Wata biyu ba za su sa ka yi ciniki da Sinanci ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma za su ba ka ƙirga, kuma ƙirga ita ce ke tsare aljihu. Su ba da dubu suke lissafin manyan kuɗi ba, da dubu goma-goma suke yi, suna ce masa wan, to wan biyar dubu hamsin ne. Huɗu da goma kuma a bakin mutanen kudu kusan sauti ɗaya suke fita, shi ya sa 14 da 40 ke rikita baƙo. Kullum ka miƙa kalkuleta a danna maka. Ka koyi yadda suke nuna shida zuwa goma da yatsun hannu ɗaya. Yarensu na hukuma yana da karin murya huɗu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, tun da mu ma da hawa da saukar murya muke bambance kalmomi. Sai dai ka sani, 'yan asalin Gwanzu a tsakaninsu Kantonanci suke yi, wanda malaminka ba shi zai koya maka ba. In suna son ɓoye maka magana, can za su koma. A cikin baje kolin kuwa, a Pazhou, yawancin rumfuna suna da mai jin Turanci, kuma kayan lantarki a zangon farko suke, daga 15 ga Oktoba. In ka makara ka iso a zango na uku, tufafi da takalma za ka tarar.

Bappan Bajoga: Ɗalibi, ka taɓa loda kontena ko da ta ashana ce? Aji daban, kasuwa daban.

Ɗalibin Wuhan: Ban taɓa ba Bappa. Amma na raka 'yan kasuwa da dama, na ji abin da ake faɗa a bayansu.

Bappan Bajoga: Ato, kai ma tafinta ne ke nan. Alhaji ga ɗaya ya kawo kansa.

Babarbaren Bolari: Ku bar Bappa ya yi magana, shi da ya shekara arba'in a Gombe har yau Hausar ma ba ta zauna ba, balle Sinanci.

Bappan Bajoga: Bawana ne kai, ba zan biye maka a gaban mutane ba.

Hajiya Mai Labule: Ni dai tafinta nake ɗauka kuma ban taɓa kuka ba. Yarinya ce 'yar Chaina, ɗaliba, yuwan 300 a wuni, abincinta da motarta a kaina. Sharaɗina ɗaya: ni nake zaɓen shagon da za mu shiga, ba ita ba.

Injiniyan Yalwa: Hajiya wannan farashin kafin korona ne. Ni 600 na biya, lokacin baje koli ma wasu sun fi haka nema.

Alhajin Herwagana: Nawa ko sisi bai karɓa ba, ya ce don zumunci. Kun ga inda zumuncin ya kai ni.

Dillalin Wunti: Wanda ya ce maka kyauta, a wurin mai shago yake ci. Ni kaso biyu cikin ɗari nake ba nawa a fili, kowa ya sani. Kuma malamin nan na dubu 90 ya yi tsada, ƙanena dubu 30 yake biya.

Maman Biyu: Wai ba waya ke fassara komai yanzu ba?

Ɗalibin Wuhan: Tana yi Maman Biyu, amma Google da WhatsApp da Facebook duk a toshe suke a can. Ɗan Jekadafari ya buɗe manhajar WeChat tun yana gida, tana fassara saƙo, kuma da ita kowane mai shago yake hulɗa. Abu na biyu, ya haddace surar rubutun halal, haruffa biyu ne, yawanci a kan koren allo. Shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi ne, suna ko'ina.

Malamin Pantami: Ɗan Jekadafari, ka samu ka yi Juma'a a masallacin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mutanen can ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. Malaman tarihinmu dai a Baƙi'a ta Madina suka ce an rufe shi. Amma za ka haɗu da Hausawa da yawa a wurin, ka tambayi fiye da mutum ɗaya kafin ka yarda da kowa.

Ɗan Jekadafari: Na gode ƙwarai. Alhaji, labarinka ya hana ni barci jiya. Abin da ban gane ba, in na koyi ƙirgar nan, takardar da za a ba ni in sa hannu fa? Wa zai karanta mini ita in ba tafintan ba?

Dillalin Wunti: Ka ce a rubuta da Turanci. Amma ni takarda ba ta taɓa cutata ba, masu kargo ne suka gama da ni. Batir ba ya hawa jirgin sama yadda kake so, sai ruwa. Aka ce mini wata biyu, kayana suka yi biyar. Da suka iso Legas aka ce kuɗin fito ya ƙaru, da suka iso Kano aka ce kuɗin sito.

Hajiya Mai Labule: Kai ka ma samu naka. Ni dila biyu na labule har yau ana nema. A Gwanzu an auna a gabana, a Kano aka sake aunawa ya ƙaru, sai ka ce a teku kayan suka yi ƙiba.

Injiniyan Yalwa: Kuma duk da Hausa ake wannan cinikin, ba mai cewa bai ji ba.

Bappan Bajoga: Abin da ke ci mini rai, me ya sa komai sai ya sauka Kano sannan mu biya wata motar zuwa Gombe? Mu nawa ne a nan masu saro kaya? In muka haɗa kontena ɗaya ai kai tsaye za ta zo.

Dillalin Wunti: An gwada a Bauchi, Bappa. Rigimar wa zai riƙe kuɗi ce ta watsa mu.

Adda Mai Atamfa: Hajiya, don Allah turo mini sunan masu kargon nan ta akwatin sirri. Ina da kaya a hannun wasu tun kafin azumi, ina tsoron ko su ne.