Katunan 'yan wasa: in sayar da kaina ko in miƙa wa dillalan intanet?

Ɗan Zango, New York

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar katunan 'yan wasa a nan Amurka. Tun shekarar 2019 nake tara katunan ƙwallon kwando da na ƙwallon ƙafa, akasarinsu na kamfanonin buga katuna Panini da Topps, kuma yanzu ina so in rage su domin wata buƙata da ta taso. Mafi yawansu ba su wuce dala ɗaya zuwa biyar ba, amma akwai ƙalilan da nake kyautata musu zato, ciki har da katin Kylian Mbappé na jerin Prizm na gasar cin kofin duniya ta 2018, da katin ɗan ƙwallon kwando Hakeem Olajuwon na kamfanin Fleer na 1986, wanda har yanzu ban kai shi wurin masu tantance ingancin kati ba. Sana'ata tuƙi ce, ba ni da lokacin ɗaukar hoton kowane kati da amsa tambayoyin masu saye da zuwa gidan waya. An ce mini akwai kamfanonin da ake aika wa kaya su sayar su cire la'adarsu. Shin wannan hanyar ta fi, ko kuwa la'adar ce za ta cinye ribar? Kuma ta yaya mutum zai amince ya miƙa dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba?

Malam Na-Houston

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da zan ce maka shi ne kada ka ɗauki katunan nan a matsayin kaya iri ɗaya, domin hanyar da ta dace da katin dala biyu ba ita ce ta dace da katin dala ɗari biyar ba, kuma yawancin asarar da mutane ke yi a wannan harka daga nan take farawa.

Ga ƙananan katuna, waɗanda su ne suka fi yawa a wurinka, kamfanin da aka fi sani shi ne COMC, wanda aka kafa a shekarar 2005 a jihar Washington. Kai ne za ka tattara katunanka ka aika musu a akwati ɗaya, su kuma su ɗauki hoton gaba da bayan kowane kati, su rubuta shekararsa da jerinsa da lambarsa, su ajiye shi a rumbunsu, sannan ya bayyana a asusunka. Farashi kai ne za ka sa, kuma mai saye yana iya tayawa ƙasa da shi, ka sallama ko ka ce albarka. Sai dai ka lura da cewa kuɗin da ake cira hawa-hawa ne: akwai kuɗin karɓa da ake biya a kan kowane kati tun kafin a sayar da shi, akwai ɗan kuɗin ajiya, akwai kaso idan an sayar, sannan akwai wani kason idan za ka fitar da kuɗinka daga asusun. Kuɗin karɓar nan shi ne abin lura, domin ko katin ya samu mai saye ko bai samu ba, ka riga ka biya. Saboda haka katin da ake da dubbansa a kasuwa, wanda ba zai wuce dala ɗaya ba, bai cancanci tafiyar ba. Irin waɗannan gara ka haɗa su dami guda ka sayar a unguwa ko a wurin baje kolin katuna, ka huta.

Manyan katuna kuwa gwanjo ake kai su, a wurare irin su Goldin da Heritage da Fanatics Collect, wanda a da ake kira PWCC kafin kamfanin Fanatics ya saye shi a 2023. A nan akwai wani lissafi da sababbin shiga ba sa ganewa da wuri. Gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye ƙarin kashi 20 cikin ɗari ko ɗan sama da haka a kan farashin da aka tsaya, kuma adadin da suke sanarwa ya haɗa da wannan ƙarin. Idan ka ga an ce an sayar da kati dala 600, to a kan dala 500 aka tsaya, ɗarin ta gidan gwanjo ce. Mai saye kuma ba yaro ba ne, tun kafin ya taya ya riga ya cire wannan ƙarin a ransa, don haka a zahiri daga aljihun mai kaya la'adar take fita ko da an ce masa ba a cire masa komai ba. Idan ka sayar da kanka a eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, abin da ake cira ya kai kusan kashi 13 cikin ɗari, ban da kuɗin aikawa da lokacinka da rigimar mai saye da zai ce kayan ba su iso ba. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, kuma ga mai aiki irin naka, ni a ganina dillali ya ci la'adarsa.

Kafin ka sa wa kowane kati farashi, ka duba nawa aka sayar da irinsa a kwanakin nan, kada ka dubi abin da masu kaya ke nema. Shafin 130point yana nuna ainihin kuɗin da aka sallama a eBay, har da cinikin da aka yi ragi a cikinsa.

Hajiya Maman Salma, Manchester

Na yarda da yawancin abin da Malam ya faɗa, amma ina ganin ya wuce batun tantancewa da sauri, alhali ga katunan nan biyu shi ne gaba da komai. Kamfanoni irin su PSA da Beckett da SGC suna duba kusurwoyin kati da gefunansa da fuskarsa da yadda hoton ya zauna a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi a cikin roba mai tauri mai ɗauke da lambar da kowa zai iya dubawa a shafinsu. Mai saye da ke wata ƙasa ba zai taɓa katin da hannunsa ba, wannan makin shi ne idonsa.

Katin Olajuwon ya kamata a kai shi, ba tare da wani jinkiri ba. Jerin Fleer na 1986 shi ne wanda katin da ake ɗauka a matsayin na farko na Michael Jordan yake ciki, kuma an daɗe ana buga jabun katunan wannan jeri, don haka mai saye da ya san abin da yake yi ba zai ba da kuɗin kirki ga wanda ba a tantance ba. Gefunansa kuma masu launi ne, ɗan gogewa kaɗan sai fari ya bayyana, shi ya sa masu babban maki suke da wuyar samu. Kada ɗan'uwa ya firgita idan ya ga an rubuta Akeem a jikin katin, haka ake rubuta sunansa a lokacin, sai a 1991 ya koma Hakeem. Ina jin daɗin katin nan ƙwarai, domin Olajuwon ɗan Legas ne da aka zaɓa na farko a 1984 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Jordan kuma ya zo na uku.

Na Mbappé kuwa sai an yi tunani. Idan na gama-gari ne, ba mai launi na musamman ko mai lambar da ke nuna kaɗan aka buga irinsa ba, to an tantance irinsa da yawa ƙwarai, kuma tazarar da ke tsakanin maki 9 da maki 10 tana iya zama ita ce tazarar riba da faɗuwa bayan an cire kuɗin tantancewa. PSA tana wallafa adadin katunan da ta ba kowane maki, sai a duba wannan tukuna. A kuma duba katin a ƙarƙashin fitila mai haske, domin katunan Prizm masu ƙyalli ne, ƙarzuwar da ido bai gani ba tana fitowa fili a gaban mai tantancewa.

Ina kuma so ɗan'uwa ya shirya zuciyarsa game da farashi. Kasuwar nan ta yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, sannan daga 2022 katunan zamani da yawa suka zube. Labarin da ake ji na katin ɗan wasan baseball Mickey Mantle na 1952 da Heritage ta sayar dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, ko katin Pelé na 1958 da ya haura dala miliyan ɗaya a wannan shekarar, labarin kayan da ba a samun irinsu ne. Ba shi da alaƙa da akwatunan da ke ɗakunanmu.

Bakatsine

Allah ya saka wa Malam da Hajiya da alheri. Ni daga gida nake bibiyar wannan zance, kuma abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, an ce mutum yana iya sayen kati ya sake sayar da shi ba tare da katin ya bar rumbun kamfanin ba. Idan haka ne, ashe wanda ke Katsina ko Maraɗi ma yana iya shiga? Na biyu shi ne tambayar da mai tambaya ya rufe da ita, wadda har yanzu ba a amsa ba, wato batun amana. A kasuwar kara, idan dillali ya sa yaransa suna taya sa don su ɗaga farashi, a ƙarshe mutanen gari suna gane shi, amma a intanet wa zai gane? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya rufta wani, kuma ba na so in sa kuɗina a inda wannan ya zama ruwan dare.

Malam Na-Houston

Tambayoyinka biyu suna kan hanya, Malam Bakatsine. Gaskiya ne katin yana iya sauya hannu sau da yawa yana ajiye wuri ɗaya, sunan mai shi kawai ake sauyawa a rajista. Shi ya sa aka gina manyan rumbunan nan a jihohin Oregon da Delaware, inda babu harajin saye. PWCC ta yi nata a Oregon, eBay ta buɗe nata a Delaware a 2022, sannan a 2024 aka yi musaya, rumbun eBay ya koma hannun kamfanin da ke da PSA, ita kuma eBay ta karɓi Goldin. Ga wanda ke nesa wannan sauƙi ne babba, domin ya tsira daga kuɗin jirgi da kwastan da fargabar ɓacewar kaya a hanya. Matsalarka ba ta shiga ba ce, ta fita ce. An yi shekaru da yawa a baya asusun PayPal na Najeriya biya kawai yake yi, ba ya karɓar kuɗi, don haka kafin ka sayi ko kati ɗaya, ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su ta wace hanya za su biya mazaunin ƙasarka, ka kuma ajiye amsar a rubuce. Ka haɗa da lissafin canji, domin ribar dala kaɗan tana iya narkewa tsakanin kuɗin fitarwa da na banki.

Batun najashi kuwa ba tsoro ne na banza ba. A watan Agustan 2021 eBay ta dakatar da PWCC daga sayarwa a dandalinta, tana zargin cewa wasu masu alaƙa da kamfanin suna taya kaya don ɗaga farashi, kamfanin kuma ya musanta. Kafin nan, a 2019, masu tara katuna da kansu ne suka tono yadda ake datse gefen tsofaffin katuna ko a gyara launinsu, a sake kai su tantancewa su fito da maki mafi girma. Sun gano hakan ne ta hanyar kwatanta tsofaffin hotunan gwanjo da sababbi, har hukumar FBI ta shiga bincike. Abin da ke kare mai saye shi ne ya yanke wa kansa iyaka bisa cinikin da aka riga aka yi a wurare daban-daban, ya taya sau ɗaya, idan an wuce shi ya bari. Wanda bai bi zugar gwanjo ba, mai najashi ba shi da yadda zai yi da shi. Abin da ni kaina nake nisanta shi ne sayen gurbi a kwalin da ba a buɗe ba, inda mutane da yawa ke haɗa kuɗi a buɗe kwalin kai tsaye a bidiyo, kowa ya ɗauki katunan ƙungiyar da ta faɗo masa. Mutum yana biyan kuɗi ne a kan abin da bai san mene ne ba, kuma wannan ya fi kusa da caca fiye da ciniki.

Hajiya Maman Salma, Manchester

Zan ƙara wa mai tambaya abu kaɗan a kan amana ta ɓangaren mai sayarwa. Kafin ka rufe akwatin, ka ɗauki hoton gaba da bayan kowane kati mai daraja, ka rubuta jerinsu, ka aika ta hanyar da ke da lambar bibiya da inshora da sa hannun mai karɓa. Ka karanta sharuɗɗan kamfanin a kan abu uku: nawa za su biya idan kati ya ɓace ko ya lalace a hannunsu, bayan kwana nawa suke biyan mai kaya, kuma me ke faruwa idan wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya. Ka tambaya ko ana yarda ka sa farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba, domin gwanjo da yawa daga ƙaramin kuɗi suke farawa, kuma idan ranar ta zo babu masu nema, abin da aka tsaya a kai shi za ka karɓa. Kada ka aika duk kayanka a karon farko, ka gwada su da kaɗan ka ga yadda suke aiki da yadda suke biya. Lokaci ma yana da tasiri, domin katin ɗan ƙwallon ƙafa ya fi samun masu nema gab da babbar gasa, na ɗan ƙwallon kwando kuma lokacin wasannin ƙarshen kaka na NBA, daga Afrilu zuwa Yuni. A ƙarshe ka adana rasiɗan sayenka, domin a Amurka ribar irin waɗannan kaya tana shiga lissafin haraji, kuma rasiɗin ne zai nuna nawa ka kashe tun farko.