Gidan Hardwick: me ke riƙe da bangon da tagogi suka cinye?

Ɗalibin Zane: Salamu alaikum. Tambayata a kan Hardwick Hall ce, gidan nan na Derbyshire a Ingila da aka gina tsakanin 1590 da 1597. Turawa na yi masa kirari da cewa gilashinsa ya fi bangonsa yawa. To me ke ɗauke da hawa uku da hasumiya shida? Kuma ta ina lalacewa ke fara kama irin wannan gini?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Dabarar mai zanen, Robert Smythson, a ciki take. Yawancin murhu da bututun hayaƙi ya tusa su ne cikin katangun tsakiya masu kauri, su ne ƙashin bayan gidan, bangon waje kuwa aka bar shi ga tagogi. Kowace taga kuma an raba ta da siraran ginshiƙan dutse, na tsaye da na kwance, sannan aka jera ƙananan gilasai cikin zaren dalma. Kada hoto ya ruɗe ka: wasu tagogin na ƙarya ne, bango ne a bayansu, don dai fuskar gidan ta daidaita. Hawan sama ya fi kowanne tsawo, domin can Bess ta Hardwick, matar da ta sa aka gina gidan, ta tanadi ɗakunan manyan baƙi, har da wani dogon zaure mai tsawon kusan mita 50.

Mai Gyaran Tsofaffin Gine-gine: Malam, lalacewa daga sama take sauka. Rufin shimfiɗaɗɗe ne na dalma, magudanarsa a ɓoye bayan rawanin ginin. Ganye ko ƙanƙara ya toshe ta, ruwa ba ya zuba waje kamar na indararo, ciki yake komawa ya jiƙa kawunan katakon da ke binne a bango, su ruɓe ba wanda ya gani. Ita dalma tana miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi. In aka shimfiɗa falle mai girma ko aka kafe shi ta ko'ina, sai ya tsage. Na biyu ƙarfe. Duk sandar da aka dasa cikin dutsen taga, in ta yi tsatsa kumbura take yi ta fasa dutsen. Maganinta a zare ta a sa wadda ba ta tsatsa.

Injiniya: Ka manta da siminti, Malam. Dutsen yashi ne, yana shan ruwa yana fitarwa. In aka cike tsakanin duwatsu da siminti, danshi ya rasa mafita sai ta jikin dutsen. Sanyi ya daskarar da shi, ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari, fuskar dutsen ta ɓare. Abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin ƙasa ke nan a wajenmu. Kwaɓin da ya dace: farar ƙasa awo 1, yashi mai kaushi awo 3. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi zurfin ninki biyu na faɗin tsagar, a jiƙa, a danna sabo, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. Ba a yin aikin in awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius.

Hajiya Mai Adana Kaya: Injiniya, ku ƙara da haske. Hasken da Bess ta yi alfahari da shi ne ke kashe launin dardumomin bangonta, shi ya sa National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi mai kula da gidan tun 1959, ke sakin labule a tagogin ko da rana tsaka.