Aiki a sabon kamfani mai tasowa: me kuka tarar bayan kun shiga?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani kamfani da bai cika shekara 3 da kafuwa ba ya kira ni ganawar ɗaukar aiki, kuma sanarwarsu cike take da batun gaskiya da amana, har suna cewa ma'aikatansu tamkar iyali ɗaya ne. Ina roƙon waɗanda suka taɓa aiki a irin wannan wuri su gaya mini abin da suka gani da idonsu, domin kada in saki reshe in kama ganye.

Wata injiniyar manhaja:
Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin da na shiga mu 9 ne, na kuma bar wurin mun haura 60. A makona na uku na yi kuskuren da ya goge wasu bayanan abokan ciniki, hankalina ya tashi matuƙa, amma mai kamfanin da kansa ya jawo kujera ya zauna kusa da ni har muka dawo da su. Washegari a taro bai ambaci sunana ba, sai ya tambayi yadda aka yi tsarinmu ya bar mutum ɗaya ya iya irin wannan ɓarna ba tare da wani ya duba ba. Tun daga ranar ban ƙara ɓoye kuskure ba, kuma na ga abokan aikina ma sun daina. Abin da ya ɓata mini rai daga baya shi ne, da muka yawaita aka ɗauko manajoji daga waje, ba wanda ya koya musu wannan ɗabi'a, sai neman mai laifi ya dawo, mutane suka koma yin shiru a taro.

Wani akawu:
Ni abin da na gani daban ne, 'yar'uwa. Albashinmu ya makara wata 2, shugabanni ba su tara mu sun yi bayani ba, alhali ni da nake riƙe da littafin kuɗi na san masu zuba jari ne suka janye. Duk wanda ya tambaya sai a tuna masa cewa mu iyali ne, a yi haƙuri. Da sun faɗi gaskiya tun farko da yawancinmu mun jure. Sannan, Malam, idan sun yi maka tayin hannun jari a kamfanin, ka karanta takardar da kyau. Tsarin da aka saba shi ne a mallaka maka kasonka sannu a hankali cikin shekara 4, kuma idan ka tafi kafin cikar shekarar farko ba ka da ko ƙwaya. Ni a wata na 11 na tafi.

Wata jami'ar ɗaukar ma'aikata:
A 2009 kamfanin Netflix mai nuna finafinai ta intanet ya wallafa bayanin al'adar aikinsa, wanda shugabansa na lokacin Reed Hastings da shugabar sashen ma'aikatansa ta lokacin Patty McCord suka tsara, inda ya nuna cewa ana gane ainihin abin da kamfani ya ɗauka da daraja ta wanda ya saka wa da alheri, da wanda ya ƙara wa girma, da wanda ya sallama. Abin da na gani ke nan a wurin aikina, shi ya sa nake jin daɗi idan mai neman aiki ya tambaye ni wa aka ƙara wa girma kwanan nan, kuma saboda me. Ka nemi a bar ka ka gana da ma'aikaci ɗaya ba tare da shugabansa yana wurin ba, ka kuma tambayi wata nawa kuɗin da ke hannunsu zai riƙe su.

Mai buɗe zance:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan yi waɗannan tambayoyin ranar ganawar. Malam akawu, shin sun biya ka bashin albashin bayan ka tafi?