Wace manhajar haɗa darussa a intanet ce makaho zai iya sarrafawa da kansa?

MalamAgege:
Assalamu alaikum. Ni malami ne mai lalurar gani, ina koyar da Turanci da lissafin kasuwanci ga matasanmu 'yan Arewa da ke neman halaliyarsu a nan Legas. Ɗalibaina sun warwatsu tsakanin Agege da Mile 12 da Alaba Rago, kuma cunkoson motoci ba ya barin su isa aji a kan lokaci, shi ya sa nake son mayar da darussan intanet. Ina aiki da NVDA, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, a kwamfutata. Na gwada wani dandali na biyan kuɗi wanda masu shi suka ce ya dace da makafi, shafin ɗalibai kuwa ya karantu lafiya lau, amma da na shiga ɓangaren malami sai na tarar ba a iya jera darussa sai an ja su da linzamin kwamfuta, maɓallai da yawa kuma ba su da suna. Shin akwai manhajar da zan gina darasi da jarrabawa a kanta ba tare da na zaunar da mai ido kusa da ni ba?

InjiniyaIdiAraba:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima. Abin da ka gamu da shi yana da dalili. Idan kamfani ya ce manhajarsa ta cika ƙa'idar WCAG, wato ƙa'idar sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafukan intanet, sau da yawa abin da ɗalibi ke gani ake nufi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana da wata ƙa'idar daban mai suna ATAG, wadda bugunta na biyu ya fito a 2015, kuma kashinta na farko ya shafi shi mai rubuta darasin ne, wato ko zai iya aikin da madannai kaɗai. Ba kasafai kamfanoni ke ambatonta a tallarsu ba.

Ni Moodle zan ba ka shawara a kai. Kyauta ce, tana nan tun 2002, kuma za ka iya sauya wurin rubutunta ya koma na zallan rubutu. Inda ta fi yi maka amfani shi ne jarrabawa, domin tana karɓar tambayoyi a tsarin da ake kira Aiken: ka buɗe Notepad, ka rubuta tambaya a layi ɗaya, amsoshi A da B da C kowace a layinta, sannan a ƙasa ka rubuta ANSWER da manyan baƙaƙe, ka sa ɗigo biyu da harafin amsar da ta dace. Fayil ɗaya zai ɗauki duk tambayoyinka, ka loda shi gaba ɗaya. Sai dai manhajar ce kyauta, sabar da za ta zauna a kai, wato kwamfutar da ke riƙe da ita a intanet, galibi sai an biya.

MalamaSurulere:
Ina koyar da ɗalibai makafi, kuma ban musanta abin da Injiniya ya faɗa ba, amma ya rage wa Moodle nauyinta. Shafukan saitinta dogaye ne ƙwarai, wanda yake bin su da kunne kuwa yana jin tsawonsu fiye da wanda yake duba su da ido. Malam, idan ba sayar da darussan za ka yi ba, ka fara da Google Classroom, wadda ba ta buƙatar sabar, kuma ɗalibanka za su shiga da wayoyinsu. Ba ta kai Moodle zurfi ba, amma sanya darasi da karɓar aikin gida ba sa wahala.

Ko wacce ka zaɓa, abin da aka zuba a ciki shi ne ke yanke hukunci. Takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF, a wurin TalkBack, mai karanta allon wayoyin Android, ko NVDA fanko ce sai an bi ta da manhajar gane rubutu. Kanun darasi kuma a sa su a matsayin kanu na gaskiya, ba a ƙara wa rubutu girma kawai ba, domin da harafin H muke tsallakawa daga kai zuwa kai a NVDA. Wasannin H5P, wato atisayen dannawa da ake sakawa cikin darasi, ma a yi hattara da su, saboda ba duka nau'o'insu ne suka dace da mai karatu da kunne ba. Bayanin Hausa kuwa gara ka naɗe shi da muryarka, tunda muryar Turanci tana dagula kalmominmu.

AbuFatima:
Kafin ka sake biyan ko sisi, Malam, ka nemi lokacin gwaji, ka yi aiki ɗaya daga farko har ƙarshe: ka buɗe kwas, ka sa darasi, ka sauya masa wuri, ka haɗa jarrabawa, ka duba makin ɗalibi. A kowane shafi ka danna Insert da F7 NVDA ta karanto maka jerin abubuwan da ke cikinsa. Ka kuma tambaye su takardar VPAT, wadda a cikinta kamfani ke bayyana inda manhajarsa ta gaza, ka duba shekarar da aka rubuta ta, domin sabuntawa ɗaya tana iya ɓata abin da yake aiki jiya.

MalamAgege:
Na gode muku baki ɗaya. Jarrabawa ce ta fi damuna, don haka zuciyata ta karkata ga Moodle. Injiniya, ɗalibaina ba kullum suke da data ba, shin dole sai da intanet za su karanta?

InjiniyaIdiAraba:
A'a, Malam. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi lokacin da yake da data, ya karanta daga baya. Jarrabawa ce kawai sai kai ka kunna izinin yin ta ba tare da intanet ba a cikin saitinta, amsoshin kuma za su iso gare ka da zarar wayarsa ta sake haɗuwa.