Dam ɗin Zungeru: ƙauyukan da ruwa ya ci fa?

Baban Khalifa: Jama'a tambaya gareni, ana ta murnar megawat 700 na Zungeru, to mutanen da aka tasa daga gonakinsu fa, wa yake tuna su?

Ɗan Yawuri: Malam ai tsohon zance ne, Kainji ma a 1968 haka akai, tsohuwar Busa ta nutse aka kwashe mutane zuwa Sabuwar Busa, kakana har ya rasu yana kewar fadamar albasarsa, kuma mu na bakin ruwan sai mu kwana uku ba wuta wallahi.

Maman Ilham: Shi yasa nafi son sola, a ɗora kan rufin kwano ba a taɓa gonar kowa ba, batirin ne dai tsada kamar me.

Ɗan Yawuri: Hajiya solar kan rufi bazata ja injin casar shinkafa da daddare ba fa.