Don Allah a duba mani: Leica na saya ko an yi mani sakiyar da ba ruwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ba na barci sosai. Tun ina yaro nake son tsofaffin kyamarori, don marigayi mahaifinmu yana da wani hoto baƙi da fari da aka ɗauke shi a Bukuru lokacin yana aikin kuza, kullum yana ba mu labarin kyamarar Baturen, 'yar ƙarama da ake leƙawa a murɗa har hoto biyu su haɗu su zama ɗaya. Hoton ma ya ɓace da muka tashi daga Gangare. Ina da Yashica Electro 35 da Zorki 4, duk na gwanjo. To ranar Asabar wani mai sayar da tsofaffin kaya a wajen Terminus ya fito mani da wata mai ruwan zinare, an rubuta Leica, wato shahararriyar kyamarar nan ta Jamus, da sunan kamfanin, Ernst Leitz Wetzlar, gilashin kuma an rubuta Elmar, sunan gilashin Leica. Ya ce ta wani Baturen kuza ce. Na biya da kuɗin adashen da na ɗauka. Jiya abokina ya kalle ta ya yi dariya kawai. Mai ɗakina ba ta sani ba. Ina mafita?

Ɗan Rikkos: Nawa ka biya? Ka ba mu tarihin Bukuru kaf, ka tsallake kuɗin.

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Yaro, da na ji "ruwan zinare" na san inda aka dosa. Leica II ta fito a 1932, Rashawa suka kwaikwaye ta, suka yi FED a Kharkov daga 1934, daga baya suka yi Zorki a Krasnogorsk. Su ne 'yan damfara ke kankare wa fenti, su goge tagullar ta yi ƙyalli, su zana sunan Leica. Kwance gilashin ka leƙa bakin ta sama. Hannun da ke auna nisa, in Leica ce ɗan zagayayyen taya ne mai juyawa, na Rasha guntun ƙarfe ne mai kusurwa, ba ya juyawa. Duba maɓallin ɗauka kuma: in da rami a tsakiyarsa inda ake murɗa wayar ɗaukar hoto, Zorki ce. Sannan karanto mani lambobin bakin gilashin.

Mai tambaya: Baba, 3.5, 4, 5.6, 8, 11, 16 ne. Ramin ma akwai. Amma ai mai yiwuwa an taɓa gyara ta aka sa wani maɓallin.

Tsohon Mai Hoto: Elmar na kafin yaƙin duniya 3.5, 4.5, 6.3, 9, 12.5, 18 yake tafiya. Naka gilashin Rasha ne, Industar-22, aka sake wa suna. Shekara talatin ina wanke hoto, ba yau na fara ganin wannan ba.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai matarka nake tausaya wa. Haka maigidana ya cika mana ɗaki da matattun rediyoyi, ko ɗaya ba ta magana, kuɗin makarantar yara kuwa sai an yi faɗa. Ka faɗa mata tun kafin ta ji a waje.

Bakanike: Mayar masa kawai, ka je da mutum biyu. Ni an taɓa sayar mani da injin Beljiyam ashe na gida ne aka wanke, har wurin shugaban kasuwa muka je, rabi na samu.

Ɗan Rikkos: Wa zai karɓa? In ka saya ka saya. Kai ta Abuja, akwai masu sayen irin wannan don ado, su ɗora a falo.

Malamin Islamiyya: In zai sayar, wajibi ne ya bayyana aibin. Algus haramun ne, ko da shi ma an yi masa.

Mai tambaya: Ni ban ce zan sayar ba. Kuma mutumin dattijo ne, na daɗe ina sayen kaya wurinsa, ba zai cuce ni ba. Wanda ya riƙe ta a hannu ya ji nauyinta zai gane ba abin wasa ba ce. Damuwata ɗaya, akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashin.

Bakanike: Fumfuna ce, daminar Jos ce. Shanya ta a rana kwana biyu.

Tsohon Mai Hoto: Kul! Labulen cikinta da ke tare wa fim haske na yadi ne, gilashin zai tara rana ya huda shi kamar wutar sigari. Cire gilashin ka shanya shi shi kaɗai. Kuma kada ka sauya lambar gudun labulen sai ka ja fim tukuna, dokar kyamarorin Rasha ce, ka san ta daga Zorki 4 ɗinka. Ta ƙasa ake sa mata fim, sai ka yanke harshensa ya kai kamar santimita 10, in ba haka ba ya maƙale. Za ta yi hoto mai kyau, sunanta ne kawai ƙarya.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma zan aika lambar jikinta a bincika mani tukuna.

Tsohon Mai Hoto: Wanda ya zana suna, lamba ce za ta gagare shi?

Ɗan Rikkos: Har yanzu dai ba ka ce nawa ba.

Maman 'Yan Biyu: Af, cikinku akwai mai sayen tsofaffin rediyoyi?