Abin da aka tattauna kan yawon tafkuna da duwatsu da mota mai ɗakin kwana

Jama'a ga abin da na tsinto a maganganun nan.

1. Kusan kowa ya yarda, in za ka gangaro daga dutse sa ƙaramin giya, kar ka danne birki kawai, zafi yake ɗauka ya daina kamawa.
2. Ka san tsayi da faɗin motarka kafin ka shiga siririyar hanya.
3. Sanyi kam a sama ba wasa, duk mita 1000 zafi na raguwa kusan digiri 6, a ɗauki bargo.

Inda aka rabu shi ne tankin ruwa, wasu sun ce a cika tun daga ƙasa, wasu sun ce kar a cika, don lita 100 na ruwa kilo 100 ce, motar za ta sha wuya a hawa. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Ruwan datti kuma ba a zubarwa bakin tafki.